Daga Damagaram zuwa Yamai da jinin masu sankara: yadda na yi bincikena na farko

Aikina duba jini ne a labo na wani asibiti a Damagaram. Mafi yawan abin da ke zuwa gabanmu mun saba da shi: masassara, ƙarancin jini, amosanin jini, awon mata masu ciki. Amma lokaci-lokaci na'urar ƙirga za ta fito da lambar da za ta sa in aje komi. Fararen ƙwayoyin jinin lafiyayyen mutum suna tsakanin 4,000 da 10,000 a kowane mikrolita, sai ga takarda tana cewa 80,000 ko 200,000. Daga nan sai in shafa ɗigon jinin a kan gilashi, in rina shi, in sa a madubin dubawa. Idan na ga manyan ƙwayoyi ɗanyu waɗanda ba su nuna ba, cibiyarsu ta kusa cinye jikin ƙwayar duka, sun cika fili, to na san abin da nake kallo. Sankarar jini ce.

Cutar daga ɓargo take tasowa. Ɓargo ne ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen da ke yaƙi da cuta, da ƙananan da ke tsayar da jini in an ji rauni. Idan ƙwaya ɗaya ta ƙi girma ta kama hayayyafa babu birki, zuriyarta sai ta mamaye ɓargon, sauran su rasa wurin zama. Shi ya sa mai wannan cuta yake ɗashewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi ya riƙa jini, haɓo ya ƙi tsayawa. Kafin ya iso wurinmu daga Magariya ko Tanut ko Gure, an yi masa maganin masassara ya fi a ƙirga, an ƙara masa jini ya koma gida ya sake dawowa, wani ma an yi masa tsaga a gefen ciki saboda saifa ta kumbura. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin alamomin farko ba su da bambanci da na masassarar da kowane gida ya sani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, muna rubuta sakamako, likita ya tura mutum Yamai, shi ke nan labari ya yanke. Littattafan da muka karanta kuwa daga jinin mutanen Turai da Amurka aka gina kusan duk abin da ke cikinsu. Ko ma'aunin lafiya bai zo ɗaya ba. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma jajayen ƙwayoyinsu ba su ɗauke da alamar da ake kira Duffy, kuma masu wannan gado sukan kasance da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyi a awo alhali lafiyarsu ƙalau. In ƙirgar lafiyayye ta bambanta haka, me zai hana a tambayi yadda cutar kanta take a jikinmu? Da wannan tambayar na koma karatu, na yi rajistar digiri na biyu, ina aiki a Damagaram, malamin da ke duba ni yana Yamai.

Na je masa da buri mai faɗi, ina son a karanta gadon masu cutar gaba ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, nawa ke hannunki, kuma wace na'ura kika tabbata za ki samu?" Da muka yi lissafi sai ya kawo maganar efijenetik, fannin da a lokacin sunansa kawai na sani.

A cikin kowace ƙwayar jiki mai cibiya akwai DNA, wanda mu a labo muke cewa ADN. Rubutu ne da haruffa huɗu, A da C da G da T, kimanin biliyan uku daga uwa da wasu biliyan uku daga uba, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromozom, yana ɗauke da sassan gado wajen 20,000. Rubutun da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ƙwayar ɓargo, amma aikinsu daban, domin kowace tana karanta wasu sassa ta rufe wasu. Duk wanda ya yi karatun allo ya san baƙaƙe uku za su tsaya yadda suke, wasali ya canza, karatu da ma'ana su canza. Haka lamarin yake a nan: akwai alamomi da ake ɗorawa a kan rubutun ba tare da an taɓa harafi ko ɗaya ba. Wadda aka fi sani ita ce ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil, da ke liƙewa a kan harafin C inda G ke biye da shi. Idan metil ya taru a ƙofar wani sashen gado, sashen sai ya yi shiru.

Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ya fara kiran fannin da sunan efijenetik a 1942, tun ba a san siffar DNA ba. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka nuna cewa tsarin metil a ƙwayoyin sankara ya hargitse. A 2010 kuma ƙungiyar Timothy Ley a Saint Louis ta Amurka ta gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu nau'in sankarar jini mai saurin kisa da aka fi gani a manya suna da lahani a DNMT3A, wato sashen da ke ƙera ɗaya daga cikin masu liƙa metil ɗin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne alama tana goguwa. Harafin da ya karye da wuya a gyara shi, amma metil ana iya cire shi. Maganin azasitidin an haɗa shi a Prag tun 1964, sai a 1980 Peter Jones, wanda ya tashi a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, da Shirley Taylor suka gano cewa yana hana liƙa metil. A 2004 Amurka ta amince da shi don wata cutar ɓargo da kan rikiɗe ta zama sankara. Shekara arba'in ke nan tsakanin kwalbar farko da hannun majinyaci.

Akwai wani aiki da na karanta a lokacin wanda har yau nake tunaninsa. A yankin Keneba na Gambiya, masu bincike sun kwatanta yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aikin gona ya yi yawa, da waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani, suka samu bambancin metil a wasu sassan gadonsu. Wannan bai shafi sankara kai tsaye ba. Amma duk ɗan Damagaram ya san yadda watannin kafin kaka suke a ƙauye, kuma na ji cewa fannin nan ba na nesa ba ne, maganar tukunyarmu ce.

Muka tsaya a kan sashe guda, p15, da ke kan kuromozom na 9. Aikinsa taka wa ƙwaya birki kada ta rabu ba bisa ƙa'ida ba. Tun 1996 James Herman da Stephen Baylin na jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa a sankarar jini metil yakan rufe shi, kuma a shekarar suka fito da hanya mai sauƙin kuɗi ta gano hakan da na'urar PCR, irin wadda korona ta sa mutane suka san sunanta. Tambayata ta zama ƙarama ƙwarai: shin p15 a rufe yake a jinin majinyatanmu? Na ɗan ji ba daɗi da ƙanƙantarta, amma ita ce wadda zan iya amsawa da gaskiya.

Kafin a taɓa hannun kowa sai an rubuta tsarin aikin an kai gaban kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya a Yamai. Tambayoyinsu sun fi na jarrabawa kaifi. Jini nawa za ki ɗiba daga yaron da dama ba shi da jini? Wa zai riƙe sunaye? In kin gama, ina ragowar za ta je, kuma shekara nawa za ta zauna? Wanda bai iya karatu ba, wa zai shaida cewa an gaya masa gaskiya? Suka nemi takardar neman yarda ta kasance da Hausa ba Faransanci kaɗai ba, kuma kada shaidan ya zama ma'aikacin labo. Na dawo da gyare-gyare, na sake turawa, na jira. Da izini ya fito na ɗauka na gama da mai wuya. Ashe yanzu za a fara.

Neman yardar mutane shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne abin da na fi koyo a cikinsa. Ka tuna a wane hali nake samunsu: jiya ko yau likita ya gaya musu cutar, sun sayar da akuya ko buhun gero sun zo, ga wata kuma da farar riga tana neman jini. Jini a wurinmu ba abin wasa ba ne. Akwai mai tsoron sayarwa za a yi, akwai mai tsoron tsafi, kuma akwai wanda ya ji labarin Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a can, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Tsakaninmu da Kano tafiyar rabin yini ce, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma ban taɓa jin haushin wanda ya yi mini kallon tuhuma ba.

Na ɗora wa kaina ƙa'ida cewa jimlar farko da zan faɗa ita ce wadda ta fi rage mini kasuwa: wannan aikin ba zai warkar da mai jinyarku ba. Ta biyu, in kun ce a'a, ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba shi, likita ma ba zai sani ba. Sai bayan nan in yi bayanin abin da nake nema. Ba na yin maganar a bakin gado, nakan ja babban gida gefe, mu zauna a inuwa, in bar shi ya yi tambaya har ya gaji.

Wani dattijo daga wajen Mirriya da ya kawo jikansa ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗiyata, na ji ba magani ba ne. To wa zai amfana?"

Na ce, "Baba, wataƙila waɗanda za su zo bayansa. Ban yi muku alkawarin haka ba, amma niyyar ke nan."

Ya ce, "In kun gama dubawa, sauran fa?"

Na gaya masa za a aje shi cikin sanyi da lamba ba da suna ba, ba za a fitar da shi ƙasar waje ba sai an sake neman izini, kuma duk ranar da ya ce a zubar za a zubar. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi shawara da uban yaron tukuna. Washegari ya dawo ya dangwala yatsa, limamin unguwar da suka sauka ya tsaya shaida.

Wata mata daga Kance mijinta yana ci-rani a Aljeriya. Ita ta yarda, amma ta ce ba za ta sa hannu a kan jinin ɗiyarta ba tare da ya ji ba. Muka tura masa saƙon murya ta WhatsApp a wayar ƙanenta, ya amsa da dare ya ce bai yarda ba. Na yi mata godiya, na ci gaba da yi wa yarinyar awonta kamar kullum. Irin wannan a'a ɗin tana da daraja a wurina, domin ita ke nuna cewa e ɗin da sauran suka ce tasu ce ba tawa ba.

Ɗibar kanta ba ta da wuya. Ba na ƙara wa kowa sukar allura: lokacin da za a ɗibi jinin awon asibiti nake ƙara ƴar kwalba ɗaya mai shuɗin murfi mai ɗan ja, wadda ke da sinadarin hana daskarewa, abin da bai kai cikin cokalin shayi ba, ga yara kuma ƙasa da haka. Sharaɗin shi ne a ɗiba kafin a fara magani kuma kafin ƙarin jini, domin jinin da aka ƙara yana zuwa da fararen ƙwayoyin mai bayarwa, DNA ɗinsa ya gauraya da na majinyaci. A nan ne aiki biyu suke karo. Yaro ya zo jininsa ya yi ƙasa sosai, yana numfashi da kyar, ledar jini tana hannun nas, uba kuma bai iso ba balle a nemi yarda. Ba a jinkirta ƙarin jini ko na minti ɗaya saboda bincike. Na rasa samfura masu yawa ta wannan hanyar, kuma haka ya kamata. Don kwatantawa na nemi yardar lafiyayyu masu zuwa ba da jini kyauta, su kam ba su da damuwa, wasu har suna tambaya ko za a gaya musu ƙarfin jininsu.

Kowace kwalba nakan sa ta a na'urar juyawa. Jinin sai ya rabu uku: ruwan ɗorawa a sama, jajaye a ƙasa, tsakaninsu wani siririn farin layi na fararen ƙwayoyi. Shi nake so, domin jajayen ƙwayoyi ba su da cibiya, ba su da DNA. A lafiyayye layin da kyar ake ganinsa. A mai sankara yakan yi kauri har wanda bai san aikin ba ya gan shi daga nesa. In tsotse shi, in zuba a ƙaramar kwalba, in rubuta lamba sau biyu, a jiki da kan murfi, in shigar a littafin da ni kaɗai ke da mabuɗin durowarsa.

Sai maganar sanyi. Samfuran suna bukatar digiri 20 ƙasa da sifili, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce 40. Aikina kuma ya faɗo daidai 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya sa Najeriya ta yanke wutar da take ba mu aka rufe iyakoki. Na cika gefen firigo da robobin ruwa daskararru don su riƙe sanyi in wuta ta tafi, na liƙa takarda a murfin kada kowa ya buɗe don ruwan sha. Wani tsohon abokin aiki ya koya mini dabara: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsabar dala biyar a kai. In ka zo da safe ka tarar kuɗin ya nutse ƙasa, to ƙanƙarar ta narke cikin dare ta sake daskarewa, ko da komi ya yi kamar lafiya. Sa'ar da na yi ita ce DNA yana da juriya, kuma metil yana manne da shi da ƙarfi. Malamina ya san haka tun farko, shi ya sa bai bar ni na zaɓi aikin da ke bukatar RNA ba, wani ɗan'uwan DNA da ke lalacewa cikin ɗan lokaci.

Da samfura suka taru na shirya su cikin akwatin sanyi, na naɗe da bargo, na hau bas ɗin asuba. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur. Ban yarda a sa akwatin a ƙarƙashin mota kusa da zafin inji ba, na biya masa kujera. A shingayen hanya takardar izinin kwamiti da ta asibiti suna hannuna, duk wanda ya tambaya na nuna masa, na roƙe shi kada a buɗe. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka kilishi na kai wa dangi, da na gaya mata abin da ke ciki sai ta yi addu'a ga masu shi, ta kuma matsa da ƙafarta don akwatin ya samu wuri.

A Yamai aka ba ni gefen tebur a wani labo mai na'urar PCR. Sinadaran da muka yi oda sun makale saboda rufe iyaka, sai da suka biyo jirgin sama da tsada. Mataki na farko fitar da DNA: a fasa ƙwayoyin, a narkar da furotin, a bi da ruwan ta wani ɗan mataci da ke riƙe DNA ya saki sauran, a wanke, a sauke shi cikin ɗigon ruwa mai tsabta. Ana auna tsabtarsa da haske, lambar da ake so ta kusanci 1.8. Abin da ya rage daga mutum guda ɗigo ne garau kamar ruwan sha.

Mataki na biyu ne mai hikima. Na'urar PCR ba ta ganin metil, haruffa kawai take gani. A 1992 Marianne Frommer da abokan aikinta a Ostareliya suka fito da mafita: a jiƙa DNA cikin sinadarin bisulfit. Duk harafin C da ba shi da metil sai ya rikiɗe, na'ura ta karanta shi a matsayin T, wanda ke da metil kuwa ya tsaya C ɗinsa. Ta haka alamar da ba a gani ta koma bambancin harafi. Sai dai sinadarin yana da zafi, yana kakkarya mafi yawan DNA ɗin, don haka in ka fara da kaɗan za ka ƙare da babu. Kowane samfuri da na zuba wa bisulfit na san ba ni da wani madadinsa, mai shi yana can Tanut ko ya riga mu gidan gaskiya. Hannuna bai taɓa yin nauyi irin na ranakun nan ba.

Daga nan kowane samfuri a raba shi kwalba biyu. Ɗaya tana da abin farauta da ke kama p15 in a rufe yake, ɗayar tana da wanda ke kama shi in a buɗe yake. A haɗa da kwalbar ruwa zalla don a tabbata babu gurɓata, da kwalbar DNA da aka san a rufe yake don a tabbata gwajin yana aiki. Na'ura ta yi ta ɗumamawa da hucewa tana ninka abin da aka kama, sannan a zuba a wani dasƙararren abu mai kama da kamu, a sa masa lantarki, a kai ɗaki mai duhu a haska. Inda aka samu abin nema sai gajeren layi ya yi haske. An sha samun ranar da kwalbar ruwa ta fito da layi, ma'ana wani abu ya gurɓata, sai a zubar da komi a wanke tebur a sauya sinadari a sake. Malamina bai taɓa karɓar sakamakon da ba a maimaita ba.

Abin da ya fito bai saɓa wa abin da aka sani a wasu ƙasashe ba. A jinin lafiyayyu layin buɗewa kaɗai na gani. A wani kaso na masu sankara mai saurin tafiya, layin rufewa ya fito sarai. Samfuran ba su kai yawan da za a gina hukunci a kansu ba, hanyar da na bi tana cewa akwai ko babu ne kawai, ba ta faɗin yawa, kuma jinin hannu na duba ba ɓargo ba. Duk wannan na rubuta shi a kundin, na faɗe shi a gaban malamai ranar kare aikin. Wani daga cikinsu ya ce ban gano sabon abu ba. Gaskiya ya faɗa. Amma yanzu akwai samfura daga Damagaram da aka ɗiba da yarda, aka aje da lamba, tare da tarihin jinyar kowa, kuma an nuna cewa za su iya isa na'ura da lafiyarsu. Kafin nan ni dai ban san inda zan je in sami irinsu ba.

Na yi wa iyalai alkawarin zan gaya musu abin da aka gani, don haka da na dawo na bi lambobin waya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi duk matakan ciwo. Da yawa daga masu nau'in mai sauri sun rasu kafin sinadarai su iso, wasu a Yamai, wasu a gida domin kuɗin tafiya da zama ya gagara. Kiran sai ya koma gaisuwar ta'aziyya. Dattijon Mirriya ya ce, "Allah ya karɓi abinsa tun kafin kaka, ɗiyata. Kin samu abin da kike nema?" Na ce na samu kaɗan, Baba. Ya ce Allah ya sa albarka. Maganin goge metil ɗin da na karanta tarihinsa ba ya kusa da hannun talakan Damagaram, kuma ko a inda yake, ba shi kaɗai ke warkarwa ba. Ban ɓoye wa kowa hakan ba.

Waɗanda na samu da ƙarfinsu yawanci masu nau'in nan ne mai tafiya a hankali, mai kumbura saifa. Shi an san tushensa tun 1960, lokacin da Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun kuromozom a Filadelfiya, a 1973 kuma Janet Rowley ta nuna cewa na 9 da na 22 ne suka yi musayar yanki. Daga nan aka kai ga imatinib, ƙwayar da aka amince da ita a 2001, wadda ake sha kullum mutum ya koma gonarsa ko shagonsa. Wani tela da na kira na ji ƙarar kekensa ta cikin waya. Irin wannan ne ke sa in ƙi yarda da masu cewa bincike almubazzaranci ne ga ƙasa irin tamu, ko da yake na san shekarun da ke tsakanin gani a madubi da magani a hannu.

Aikin ya bar wasu canje-canje a labo ɗinmu da ba su shiga kundin ba. Yanzu duk takardar da fararen ƙwayoyi suka wuce kima, ko jini da ƙwayoyin daskarewa suka faɗi tare, ba ta fita sai an shafa a gilashi an duba da ido. Nakan ɗauki hoton abin da na gani da waya ta bakin madubin in tura wa likitan jini a Yamai, amsa ta zo a ranar, a san ko tafiyar ta zama dole kafin mutane su sayar da abin hannunsu. Mun buɗe littafi na masu cutar jini, da garinsu da shekarunsu da lambar wanda za a kira, kuma muna kira. Ragowar DNA tana Yamai cikin sanyi a ƙarƙashin sharaɗin da aka sa wa hannu. Ina rubuta tsarin digiri na uku, wanda zai duba DNMT3A da wasu sassan a kan waɗannan samfuran, kuma tunda takardar farko p15 kaɗai ta ambata, sai na koma gaban kwamiti, sannan in sake bin iyalan gida-gida in nemi sabuwar yarda.